Ba Ta Cikin Gidan Ahmadu

Ranar da Ahmadu direba ya cika kwana hamsin a kabari, talabijin ɗin da ya saya da guminsa ta gaya wa matarsa cewa ita ba 'yar gidan ba ce.

Saratu ta idar da sallar la'asar, ta zauna a kan tabarma a ɗan falonsu na Rafin Guza, lulluɓe da mayafin takaba, ta ɗauki rimot kamar yadda ta saba. Karatunta bai wuce aji uku na firamare ba, amma yatsanta ya san hanya: maɓallin sama, sannan na tsakiya sau biyu. Maimakon hotunan da take jira, sai ga baƙin allo da dogon rubutun Turanci.

"Ke 'yar nan, zo ki ga abin nan ya yi wani iri."

Atika ce 'yar nan. Ita kaɗai Allah ya bar musu, kuma da yake ta fari ce, Saratu ba ta kama sunanta. Tana aure a Kinkinau, mijinta ya bar ta ta zo ta taya uwarta zama. Ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta yi tsaki.

"Umma, wai sun ce talabijin ɗin nan ba ta cikin gidan mai asusun."

"Wane ne mai asusun?"

"Baba mana."

"To gidan wa take ciki? Na liman?"

Abin da ya faru shi ne, shekara uku da suka wuce Ahmadu ya buɗe asusu a wurin wani kamfanin ƙasar waje mai sayar da kallon finafinai ta intanet. Duk wata suna zare kuɗinsu daga bankinsa, ba sallama ba godiya. Sau biyu suka ƙara farashi a shekara guda, ya yi mita, ya ce ɓarayin zaune ne, ya ci gaba da biya. Tun makon farko ya ba yayansa Balarabe lambar sirrin, kamar yadda ake miƙa wa ɗan'uwa kwanon tuwo. Shi Balarabe babban ma'aikaci ne da ya yi ritaya, yana da gida mai bene a Kawo da akwatin intanet da ba a kashewa. 'Ya'ya da jikoki suna kan kallo tun daga karin kumallo. Su kuwa Ahmadu da Saratu sai Asabar da Lahadi da yamma, da 'yar datar da ya iya saye. Da kamfanin ya tashi korar masu raba lambar sirri, sai na'urarsa ta duba inda aka fi kallo, ta yanke hukunci cewa can ne gidan Ahmadu. Rafin Guza ta zama gidan masu satar kallo.

Atika ta yi mata wannan bayanin dalla-dalla, tana duba wayarta.

"Dokarsu ce sabuwa, Umma. Asusu ɗaya, gida ɗaya. Ga shi nan ma ana ta magana, wai tunda suka fara korar mutane ba su taɓa cin riba irin ta bana ba."

"Allah ya sa su ci da lafiya," in ji Saratu. "Su waye su da za su gaya mini gida? Sun taɓa taka Rafin Guza? Bara da ruwa ya shigo mana har gindin gado, su suka zo suka ɗaga talabijin ɗin? Mutum yana can wata uwa duniya, bai san ƙofarmu gabas take kallo ko yamma ba, ya ce shi ya san gidan mijina."

Ba fim ne ya dame ta ba. A cikin asusun akwai wani shafi da Ahmadu ya sa wa suna Mu Biyu. A nan yake jera finafinan da ya zaɓa musu, har guda talatin da ɗaya, yana cewa na ritaya ne, idan ya ajiye tuƙin ma'aikata za su zauna su cinye su ɗaya bayan ɗaya. Na farko a jerin wani fim ne na mutanen nan masu cin abinci da tsinke, labarin wani tsoho da ke sassaƙa jirgin ruwa. A ƙarƙashin hoton akwai ɗan siririn layi da ya wuce rabi kaɗan ya tsaya. A daidai nan Ahmadu ya danna tsayawa wata Asabar, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa, kansa na sarawa. Litinin da hantsi aka yi masa sutura.

Kullum bayan la'asar Saratu takan buɗe shafin ta zauna tana kallon layin. Ba ta taɓa kunna fim ɗin ba, don ta san idan ta kunna layin zai matsa. Tufafinsa an rabar sadaka, sauran kayansa an kulle. Wannan ɗan layin ne kaɗai abin da hannunsa ya taɓa da har yanzu yake inda ya bar shi.

"Ba yadda za a yi a buɗe?" in ji Saratu.

"Akwai. In na danna nan za su aika da wata lamba, a shigar cikin minti goma sha biyar. Amma wayar Baba za su aika wa."

Wayar Ahmadu tana cikin akwatin ƙarfe a ɗakin Balarabe. Ranar sadakar uku ya tattara ta da agogo da katin banki da takardar fili, ya kulle a gaban shaidu, ya miƙa makullin ga Malam Yusha'u, limamin masallacin layinsu Saratu. Ba mai taɓa komai sai ranar rabon gado. Tunda Ahmadu bai bar ɗa namiji ba, shi ma Balarabe magaji ne, shi ya sa yake tsaron akwatin kamar mai gadin banki. Ita kuma Saratu takaba ta ɗaure ta, ko ƙofar gida ba ta leƙawa.

Ta sa Atika ta kira Balarabe a waya. Bayan gaisuwa da ya haƙuri, ta faɗi buƙatarta.

"Subhanallahi!" in ji Balarabe. "Saratu, kina cikin takaba kina zancen fim? Ina laifin carbi?"

Ta bayan muryarsa tana jiyo kiɗan fim ɗin zane na yara da ihun jikoki.

"Yaya, minti biyu ne. A kunna wayar, a karanto lamba, a mayar."

"Kayan magada ne. Ni ba zan kai kaina wuta saboda talabijin ba. Jumma'a zan zo, mu yi magana a gaban Malam."

Kwana uku ta yi tana zama a gaban baƙin allo. Ranar Jumma'a bayan an sauko daga masallaci, Balarabe ya iso cikin farar shadda da ta sha guga, yana ƙamshin turare, Malam Yusha'u na biye da shi da ɗan buzunsa a hammata. Malam tsoho ne siriri, malamin allo, bai taɓa mallakar talabijin ba kuma bai taɓa jin ya rasa komai ba. Suka zauna a kujeru, Saratu na ƙasa daga gefe ta ja mayafi, Atika ta kawo ruwa.

Balarabe ya gyara murya irin ta mutumin da ya saba jagorantar taro.

"Malam, na yi bincike a kan lamarin. Kamfanin nan suna da tsari, ba a banza suke abu ba. Sun ce idan akwai wani na waje da ake so ya ci gaba da kallo, ana iya ƙara shi, a biya wani ɗan abu a kai duk wata. To ni na yarda. Idan an yi rabo komai ya lafa, sai in sa Saratu a matsayin ƙarin mutum. Atika ta riƙa turo kuɗin."

"Ƙarin mutum," in ji Saratu.

"Haka suke kiransa."

"Ni ce ƙarin mutum a kayan mijina."

"Ba ni na faɗa ba, na'ura ce. Na'ura ba ta son kai."

"Baba Balarabe," in ji Atika, "ai na'urar ba ta san wanda ke biya ba ne."

"Ke, manya na magana."

Saratu ta yi niyyar yin shiru. Tun da safe take gaya wa kanta cewa mai takaba ba ta ɗaga murya. Amma ta dubi shaddar, ta tuna takalmin Ahmadu da aka yi wa ɗinki sau uku, sai bakinta ya riga ta.

"Yaya, kai da kake tsoron wuta a kan kunna waya na minti biyu, kuɗin wa jikokinka suke kallo da shi? Wata biyu ke nan maigidan nan yana ƙasa, kamfani na zarar kuɗinsa, gidanka na shan kallo. Shekara uku direba na biya wa darakta. Ko sau ɗaya ka taɓa cewa ungo wannan ka ƙara? Yanzu ya mutu ma bai huta da ciyar da ku ba."

Malam Yusha'u, wanda tun zuwansu yake jan carbi kamar ba ya ji, ya ɗago kai.

"Tsaya tukuna. Wai kuɗin nan daga ina ake cira?"

"Daga bankin Baba, Malam," in ji Atika. "Da kansa yake fita duk wata."

"Har bayan rasuwarsa?"

"Su ba su san ya rasu ba. Ko sun sani ma ba ruwansu."

"Ikon Allah. Wato akwati na kulle, makulli na aljihuna, ɓera kuma na ci ta ƙasa." Ya juya ga Balarabe. "Alhaji, tun daga ranar da ya cika, ko kwabo na cikin bankin nan ba nasa ba ne, na magada ne. Wata biyun da aka ci a gidanka za ka mayar a cikin gado."

"Ai ba matsala, Malam, abu kaɗan ne. Sai a bar shi yana tafiya, ni in riƙa mayarwa."

"A'a. Ba a ciniki da sunan mamaci. A rufe shi. In kana son kallo ka buɗe naka da sunanka da kuɗinka."

Fuskar Balarabe ta yi kamar an ba shi maɗaci, kuma da a nan maganar ta tsaya da Saratu ta ji daɗi har ranta. Amma kalmar rufewa ta riga ta faɗo mata a ƙirji.

"Malam, in an rufe, abin da ke ciki fa?"

Malam ya dubi Atika. Atika ta dubi ƙasa.

"Zai tafi, Umma. Jibi ne ranar cirar kuɗi. In an rufe kafin nan, daga jibi shi ke nan."

Saratu ta gane da bakinta ta jawo. Ta so ta ce a cire daga kasonta, ta yafe, amma ta san Malam: idan ya faɗi magana ko gwamna bai isa ya sa ya lanƙwasa ta ba, kuma a ransa ba mugunta yake yi ba. Ba za ta tsaya yi wa Balarabe bayanin ɗan layi a ƙarƙashin hoto ba, ya je ya ba matarsa labari suna dariya.

"To na ji. Amma rufewar ma sai da wayar, ko ba haka ba?"

"Sai da ita," in ji Atika.

"To a kawo akwatin nan gidan. Ni ma magajiya ce, kuma ba na fita. A buɗe a gabana. Kafin a rufe asusun a fara buɗe mini talabijin ɗina."

Balarabe ya fara cewa akwatin na da nauyi, Malam ya ce ai yana da mota.

Washegari Asabar da hantsi aka shigo da akwatin. Malam ya yi bisimilla ya sa makulli. Wayar na nan a cikin leda tare da agogo, batirinta ya mutu, sai da aka jona ta aka jira. Da ta kawo haske Balarabe ya karɓe, ya yi ta shafa fuskarta da yatsa, ta ƙi buɗewa.

"Ya kulle ta da wani zane na sirri. Sai an kai wa masu gyara a kasuwa."

Saratu ta miƙa hannu ba tare da ta dube shi ba. Ta ja yatsa ƙasa, ta yi dama, ta koma sama. Wayar ta buɗe. Nan take saƙonni suka fara shigowa suna ƙara ɗaya bayan ɗaya, na sama da kwana hamsin: tallan data, gaisuwar Jumma'a daga waɗanda labari bai kai musu ba, wani makanike yana tambaya ko a kawo motar oga.

Atika ta danna a talabijin, lambar ta shigo, ta shigar. Baƙin allon ya kau. Ga shafin Mu Biyu, ga hotuna a jere, ga tsoho da jirginsa, ga layin a inda yake. Saratu ta matsa kusa har gwiwarta na taɓa teburin.

"To, a yi abin da ya tara mu," in ji Balarabe yana duba agogonsa.

Atika ta shiga wurin rufewa a wayar tana fassara musu.

"Sun ce, Ahmadu, da gaske za ka tafi?"

"Ya riga ya tafi," in ji Saratu.

"Sun ce za su yi kewarsa."

"Allah sarki. Ko ta'aziyya ba su aiko ba."

"Sun ce in ya zauna za su bar masa wata biyu a rabin kuɗi."

Balarabe ya gyara zama. "Rabin kuɗi? Malam, ai wannan kuma rangwame ne, magada ma sun ci riba in aka duba..."

Malam Yusha'u ya dube shi kawai. Balarabe ya koma duba agogo.

"Ashe suna da rabin kuɗi," in ji Saratu. "Shekara uku yana biya cif, suna ƙara masa. Sai da ya mutu ya yi daraja. Wuce, 'yar nan."

"Sun ce sai ya faɗi dalili. Ga su nan: kuɗi ya yi yawa, ko ba ya samun abin da yake so, ko intanet ba ta da ƙarfi, ko ya koma wani kamfani, ko ba shi da lokacin kallo."

"Ki ce ya rasu."

"Babu wannan, Umma."

"Duk iliminsu ba su san ana mutuwa ba?"

"Sai dai a zaɓi ɗaya a ciki, in ba haka ba ba za ta wuce ba."

Malam ya ce kada a yi wa mamaci ƙarya, a zaɓi wanda ya fi kusa da gaskiya. Saratu ta sa aka sake karanto mata su a hankali.

"Na ƙarshen. Ba shi da lokaci. Wannan ba ƙarya a ciki."

Atika ta danna. Ta karanta abin da ya biyo baya a zuci, ta kife wayar.

"Me suka ce?"

"Ba komai, Umma."

"Karanta mini."

"Sun ce sun gode, Ahmadu, ƙofa a buɗe take, suna fatan ya dawo nan ba da daɗewa ba."

Malam ya yi salati a hankali. Aka kashe wayar, aka mayar cikin leda, aka kulle akwatin. A bakin ƙofa Saratu ta ji Balarabe na tambayar Atika nawa ne mafi arha in mutum zai buɗe nasa, da ta faɗa masa ya ce kai, mutanen nan ba su da imani.

Bayan la'asar ta zauna a wurinta. Zuwa gobe layin zai tafi, ko ta taɓa shi ko ba ta taɓa ba, kuma ba ta ga dalilin da zai sa ta bar wa kamfani shi ya share da hannunsa ba. Atika ta zo ta tsaya a bayanta.

"Umma, in zauna in riƙa gaya miki abin da suke cewa?"

"A'a. Je ki ɗora girki."

Ta danna na tsakiya. Tsohon ya ci gaba da sassaƙa daga inda gatarinsa ya tsaya a sama. Mutane suka shigo suna magana da yarensu, wata mata ta yi kuka, aka yi ruwan sama, aka tura jirgin cikin teku. Minti talatin da takwas, Saratu ba ta gane ko kalma ɗaya ba, kuma ba ta kau da ido ba har layin ya kai ƙarshe.

Sunayen 'yan fim ba su gama hawa allon ba sai ga wani hoto ya faɗo a kai, da lambobi suna ƙirgawa baya, kamfani na shirin kunna wa Ahmadu na gaba. Ta tashi ta zare wayar wutar daga bango.

"Saura talatin," ta ce. "Su riƙe abinsu."